Gokat Ƙirar Gida da Matsalolin Kuloci da Sarƙa

Gokat ƙaramar mota ce mai ƙafa huɗu da kujera ɗaya, ba rufi, ba ƙofa, ba sifirin da ke shanye gargadar hanya. Direba yana zaune dab da ƙasa, inji yana bayansa ko a gefensa, sarƙa ce ke kai ƙarfin injin zuwa ƙafafun baya. Akwai ta tsere wadda kamfanoni ke ƙerawa bisa ƙa'ida, akwai ta haya a wuraren shaƙatawa, akwai kuma wadda mutum ke haɗawa a gida da bututun ƙarfe da injin da hannunsa ya kai gare shi. A wannan ta ƙarshen, ba kasafai inji ne ke ba da ciwon kai ba. Yawancin matsala tana tsakanin bakin inji da taya, wato kuloci da sarƙa da faifai masu haƙora da sandar baya.

Asali

Art Ingels ake dangana wa gokat ta farko. Maƙerin motocin tsere ne a kamfanin Kurtis Kraft da ke kudancin Kalifoniya a Amurka. A 1956 shi da abokinsa Lou Borelli suka walda firam na bututu, suka ɗora masa ƙaramin injin West Bend da aka yi don na'urar yankan ciyawa. Ba a jima ba masu sha'awa suka fara taruwa da irin nasu a filin ajiye motoci na Rose Bowl a Pasadena. A 1959 kamfanin McCulloch ya fitar da injin MC-10, wanda ya samo asali daga injin zarton yankan itace. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta kafa kwamitin kula da tseren gokat a 1962, aka yi gasar duniya ta farko a birnin Rum a 1964.

Ashe dai abin daga hannun mai walda ya faro, kamfani daga baya ya shigo. Manyan direbobi ma ta nan suka bi. Mahaifin Ayrton Senna na Birazil ne ya haɗa masa gokat ɗinsa ta farko da injin yankan ciyawa, mahaifin Michael Schumacher na Jamus kuma ya ɗora ƙaramin injin babur a kan motar wasan yara mai feda, yaron yana ɗan shekara huɗu.

Firam da inji

Firam ba ya buƙatar dogon bayani: bututun ƙarfe mai kaurin inci ɗaya ko fiye da haka kaɗan, walda mai kyau, da auna kusurwa da kusurwa don kada ya fito a karkace. Wurin da ba a yi wa rowar ƙarfe shi ne inda inji zai zauna da inda boris ɗin sandar baya za su kama, domin in wurin yana lanƙwasa, sarƙa ba za ta taɓa zama lafiya ba. Ana huda wa farantin inji dogayen ramuka, yadda za a iya matsar da injin gaba ko baya a ɗaure sarƙa.

Injin da aka fi amfani da shi a yau shi ne mai silinda ɗaya wanda sandarsa ke fitowa a kwance, irin Honda GX160 mai cc 163, ko GX200 mai cc 196 da ƙarfin doki wajen 6.5, da kwaikwayonsu da ake yi a ƙasar Sin, kamar Predator 212 da ya cika Amurka. Dangin injin nan ne ke jan injin ban ruwa da injin markaɗe a ƙasar Hausa, don haka fulogi da kafireta da igiyar tayarwa ba su da wuyar samu. Sai dai a duba bakin sandar kafin a biya kuɗi. Ta janareta tana tsukewa zuwa baki, ta famfon ruwa galibi zare gare ta, kuma duka biyun ba sa karɓar kuloci. Wadda ake so miƙaƙƙiya ce mai tsagi a jikinta. Ita ma iri biyu ce, mai kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19.05, da mai milimita 20. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma kulocin ta farkon ba ya shiga ta biyun, na ta biyun kuma yana rawa a kan ta farkon.

In mutum ya tsaya yana fuskantar bakin sandar, za ta juya ne saɓanin hannun agogo. Saboda haka bakin zai kalli hagun direba. Wanda ya juya shi dama zai ga motarsa tana tafiya da baya. Injin babur ma ana sa shi, kuma yana zuwa da giyarsa da kulocinsa, amma ba shi da fankar sanyayawa, iskar gudu ce ke fifita shi. In aka ɓoye shi bayan kujera sai ya yi ta ɗaukar zafi.

Yadda ƙarfi ke isa taya

Kulocin da aka saba sawa ba shi da feda. A cikinsa akwai wasu ƙarafa masu nauyi da sifirin ya ɗaure, kewaye da su kuma akwai kwano mai ɗauke da ƙaramin faifai mai haƙora. Inji yana silo, wajen juyi 1,400 a minti, sifirin yana riƙe da ƙarafan, kwanon bai san ana yi ba. Da an taka totur juyi ya doshi 2,000, ƙarafan sai su buɗe su dafe jikin kwanon, sarƙa ta fara tafiya. Tsakanin fara taɓawa da kamawa sosai akwai ɗan lokacin da suke gogar juna, kuma duk ƙarfin da bai wuce zuwa taya ba a lokacin nan zafi yake zama. Wanda ya riƙe wannan ya san rabin cututtukan kuloci.

Daga nan sarƙa ta kai babban faifai da ke kan sandar baya. Tsari biyu ne. A mai sauƙin, ƙafa ɗaya ce ke ja, faifan yana manne da ita. Motar tana da daɗin kwana, amma da ƙafar ta hau yashi sai ta yi ta juyi a banza. A ɗaya tsarin, sanda ɗaya ce ta haɗe ƙafafun biyu, ba tare da na'urar da ke raba musu gudu a kwana kamar ta babbar mota ba. Motar tana ja da ƙarfi, amma tana son miƙewa ko an murɗa sitiyari. Gokat ta tsere tana magance wannan da karkata ƙusoshin ƙafafun gaba da kuma ɗan lanƙwasar firam, yadda ƙafar baya ta cikin kwana za ta ɗan ɗaga daga ƙasa.

Lissafin haƙora

Nan ne gizo ke saƙar. Ana raba haƙoran babban faifai da na ƙarami. Faifai mai 72 da kuloci mai 12 sun ba da 6, ma'ana inji ya juya sau shida kafin taya ta juya sau ɗaya. Mai 60 da mai 10 ma haka. Shida ɗin nan shi ne mafarin da masu haɗawa suka saba bi ga ƙananan tayoyi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

A ɗauki taya mai tsayin inci 13, wadda kewayenta ya kai mita 1.04. Gwamnan inji, wato na'urar da ke ƙayyade juyinsa, yana tsayar da shi a juyi 3,600 a minti. In an raba da 6, taya tana juyi 600, wato mita 620 da ɗoriya a minti, kusan kilomita 37 a awa. In aka sa faifai mai 60 da kuloci mai 12, rabon ya koma 5, gudu ya haura zuwa wajen kilomita 45, amma ƙarfin tashi ya ragu da kashi ɗaya cikin shida. Sa doguwar taya ma haka yake yi, ko da ba a taɓa faifai ba: taya mai inci 20 a rabon 6 tana neman gudun da ya wuce kilomita 55, kuma kafin motar ta kai saurin da kuloci zai kama sosai, ya daɗe yana goga. Ƙara babban mutum a kujera da ɗan hawa, sai hayaƙi. Mutane da yawa sukan sayi kuloci na biyu da na uku suna zargin rashin inganci, alhali laifin na lissafi ne.

In faifan da ake buƙata ya yi girman da zai taɓa ƙasa, sai a sa ƙaramar sanda a tsakani mai faifai biyu. Kuloci mai 12 ya ja mai 24, ɗaya gefen mai 12 ya ja mai 60 na sandar baya: 2 sau 5, an sami 10.

Sarƙa kuma lamba gare ta. Mai lamba 35 tazarar gaɓoɓinta milimita 9.5 ce. Masu lamba 40 da 41 da 420 da 428 duk milimita 12.7 ne, amma faɗinsu da kaurin ƙwayoyinsu sun bambanta. Ta 428 ita ce ta yawancin baburan haya, don haka ita ce a kusa da hannu, amma ƙwayoyinta sun fi kauri, ba sa zama daidai a haƙoran da aka yanka don 420. Dole faifai biyu da sarƙa su zama 'yan gida ɗaya.

Gano inda ciwon yake

Hanya mafi aminci ita ce a ɗaga bayan motar a kan katako, inji a kashe, a cire hular fulogi, a juya taya da hannu. Ya kamata ta juya ba tirjiya, kwanon kuloci yana binta, sandar inji tana tsaye. In da nauyi, a duba birki ko yana kamawa, a duba boris. In sarƙa tana ɗaurewa a wani wuri tana saki a wani, to ko sandar baya ta lanƙwashe, ko babban faifan bai zauna a tsakiya ba.

Faɗuwar sarƙa ita ce ƙorafin da ya fi yawa. Abu na farko shi ne a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a jikin babban faifai a ga ko ya nufi ƙaramin kai tsaye. Kaucewar milimita biyu ko uku ta isa ta sa sarƙa hawa kan haƙora. Sai sakinta: in an danna tsakiya da yatsa, ta motsa kamar santimita ɗaya. Wadda ta yi sako-sako tana tsalle, wadda aka ɗaure tamau tana cin boris da zoben kuloci. In duk wannan daidai ne a tsaye amma tana faɗuwa da an taka totur ko an shiga gargada, to wani abu yana motsi a ƙarƙashin nauyi: notin inji ya kwance, ko farantin yana lanƙwasa, ko sandar baya tana zamewa gefe don ba a sa mata zobban da ke riƙe ta a jikin boris ba. Ɗan makullin mahaɗar sarƙa kuma, rufaffen bakinsa ne ke kallon inda sarƙar ta nufa. Sarƙar da ta miƙe da kashi 3 cikin 100 ta gama aiki, kuma in haƙoran faifai sun yi tsini sun karkata, tare ake canza su.

Motar da ke tafiya tun tana silo tana da haɗari, don takan kuɓuce wa mai jan igiya. Dalili uku ne aka saba gani. Ko silon ya yi sama, ko wayar totur ta maƙale, ko kulocin kansa: zafi ya kashe sifirin har ba ya mayar da ƙarafan, ko zoben tagulla da kwanon ke juyi a kansa ya bushe ya kama. Zoben nan yana son ɗigo biyu ko uku na baƙin mai a kai a kai. Ɗigo, ba zubawa ba, domin in mai ya kai jikin ƙarafan sai kulocin ya koma santsi. Kwanon da ya rine ya yi shuɗi-shuɗi shaida ce ya sha wuta, kuma tafiyar hawainiya da rabin totur tana ƙona shi kamar yadda mugun rabo ke yi.

In inji yana kuka mota ba ta motsi, ido ya bi ƙarfin daki-daki. Sandar inji tana juyi kuloci bai juya ba: ɗan guntun ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da ke zama cikin tsagi ya faɗi ko ya karye. Sarƙa da faifai suna juyi sandar baya tana tsaye: na faifan ne. Sanda tana juyi taya tana tsaye: na cibiyar taya ne.

Akwai kuma abin da ke kama da ciwon kuloci alhali ba shi ba ne. Injunan nan da yawa suna da na'urar da ke kashe su in baƙin mai ya yi ƙasa, an yi ta ne don injin da ke zaune wuri ɗaya. A kwana mai kaifi man yana tuɗewa gefe, sai ta ɗauke wuta.

Mai bel

Ga doguwar taya, ko yashi, ko hawa, an fi samun sauƙi da na'ura mai bel da fuli biyu masu buɗewa da tsukewa da kansu, irin Comet TAV2. Tana tashi da rabon kusan 2.7, ta yi ta sassautawa har wajen 0.9 in gudu ya kankama, ga kuma rabon sarƙa a kai. Bel ɗin wannan samfurin gefensa ɗaya a miƙe yake, ɗayan a karkace, kuma miƙaƙƙen ne ke kallon inji. In aka juya shi, ko fulin biyu ba su daidaita ba, baƙar ƙurar roba za ta cika murfin cikin ɗan lokaci. Ba a shafa wa fuskar fuli mai ko giris.

Kariya

Sarƙa da sandar baya suna buƙatar murfi, domin an sha samun munanan raunuka inda dogon gashi ko gyale ko bakin riga ya naɗe a jikinsu. Makunnin kashe inji ya kasance inda hannun direba zai kai, totur kuma ya sami sifirin mai dawo da shi ko waya ta tsinke. Hular kwano dole ce, kuma a yawancin ƙasashe doka ba ta yarda a hau titi da gokat ba. Masu neman ƙarin gudu sukan cire gwamna, amma faifan ƙarfen zubi da ke bayan fankar injin ba a yi shi don juyin da ya zarce ƙa'ida sosai ba, yana iya tarwatsewa, kuma yana zaune ne 'yan santimitoci daga bayan direba. Masu tsere da ke cire gwamna sukan fara musanya faifan da sandar fistin da waɗanda aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam.