Jan Alƙalami: Tarihin Gyaran Jimlar Ingilishi a Ƙasar Gwandu

Ba Turawa ne suka koya wa ƙasar Gwandu tantance jimla ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke garin Gwandu, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu da Hisnur Rasin a kan sarfu, almajirai kuwa suka tashi da sanin cewa in wasali ɗaya ya kauce, ma'ana ta kauce. Abin da ya sauya bayan zuwan Turawa a 1903 shi ne harshen da ake aunawa, da kuma mai riƙe da ma'aunin.

A Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ma'aunin kunnen Bature ne. Ɗalibai kaɗan ne, malami na jin kowa, jimlar da ta yi masa daidai ita ce daidai. Da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a 1976, azuzuwa suka cika, aka horar da malamai cikin gaggawa. Daga nan littafi da jan alƙalami suka maye gurbin kunne.

To, a nan ne matsalar take. A ɗauki ɗalibi daga ƙauye kamar Wurogauri ya rubuta “He go to market.” Wannan kuskuren nahawu ne tsantsa, aikatau bai dace da aikau ba. Amma in ya ce “I am coming” alhali fita zai yi, ginin jimlarsa lafiya lau yake. “Ina zuwa” ce ta sa rigar Ingilishi. Haka “Borrow me your pen”, domin kalmar “aro” ta Hausa ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa. Cuta iri biyu ke nan, amma jan alƙalami magani ɗaya yake ba su, ba tare da bayani ba. A ganina wannan ne ya sa yaro ke maimaita kuskuren har ya kai kwaleji, mu kuma mu ɗora laifin a kan malamin firamare.

Masana sun daɗe da lura. A 1971 Ayo Banjo ya kasa Ingilishin Nijeriya gida huɗu, a 2020 kuma ƙamus na Oxford ya karɓi “next tomorrow”, wato jibi, wadda malamai suka shekara da shekaru suna sokewa. Malamin aji dai ba shi da ikon Oxford: takardar da ke gabansa ta yaron da zai zauna jarrabawar WAEC ce.