Without Remorse: Fim ɗin da ya ɗauki sunan littafin Tom Clancy ya bar labarinsa

Without Remorse fim ne na Amurka da aka saki a dandalin Amazon Prime Video ranar 30 ga Afrilu, 2021. Stefano Sollima, ɗan ƙasar Italiya, shi ya ba da umarni, Taylor Sheridan da Will Staples suka tsara labarin, Michael B. Jordan kuma ya fito a matsayin jarumi. An gina shi ne a kan littafi mai wannan suna, wanda Tom Clancy ya wallafa a 1993. Ma'anar sunan ita ce "ba tare da nadama ba".

Marubucin da littafin

An haifi Clancy a birnin Baltimore a 1947, ya rasu a 2013. Ya yi fice ne da littafinsa na farko, The Hunt for Red October, a 1984, kuma an san shi da zurfafa bayani kan makamai da ayyukan leƙen asiri.

Littafin Without Remorse, mai shafi sama da 600, yana ba da labarin John Kelly, tsohon sojan ƙundumbala na rundunar ruwa, a zamanin yaƙin Biyetnam. Matarsa mai juna biyu ta rasu a haɗarin mota. Daga baya ya haɗu da Pamela Madden, wata yarinya da ta tsere daga hannun dillalan ƙwaya a Baltimore. Dillalan suka sake kama ta, suka kashe ta, suka bar Kelly da munanan raunuka. Da ya warke sai ya shiga farautarsu ɗaya bayan ɗaya, a daidai lokacin da hukuma ta nemi taimakonsa wajen ceto fursunonin yaƙi a Arewacin Biyetnam. A ƙarshe ya shirya mutuwar ƙarya, ya koma John Clark, jami'in CIA.

Abin da fim ɗin ya sauya

Fim ɗin ya dawo da labarin wannan zamani. Ya fara ne a Aleppo ta ƙasar Siriya, ya kai har Murmansk ta Rasha. Pam ta zama matar Kelly, 'yan bindiga suka kashe ta a gida da tsohon ciki. Babu Biyetnam, babu dillalan ƙwaya, babu 'yan sandan da ke bin sawunsa. A madadinsu an kawo sakataren tsaro Thomas Clay, wanda Guy Pearce ya taka, yana ƙulla makircin haɗa Amurka da Rasha faɗa domin ya haɗa kan Amurkawa a kan abokin gaba ɗaya. Abin da ya rage daga littafin bai wuce sunaye, da ramuwar gayya, da sauyin suna na ƙarshe ba.

Dalilin rashin gamsuwa

Ƙarfin littafin yana cikin tambaya guda: shin mutumin da hukuma ta horar ya yi kisa yana da hurumin ɗaukar doka a hannunsa idan shari'a ta gaza? Clancy ya bar mai karatu ya ga Kelly yana azabtar da ɗaya daga cikin dillalan, ya kuma ga 'yan sanda suna farautarsa a matsayin mai kisan kai. Fim ɗin ya kauce wa wannan nauyi. Da abokin gaba ya zama babban jami'i maci amana, sai kowane kisa ya zama kishin ƙasa, tambayar kuma ta ɓace. Minti 109 sun tafi a harbe-harbe, ba a bar wa mai kallo lokacin sanin Pam ba, balle ya ji zafin rashinta.

Karɓuwa

Kamfanin Paramount ne ya shirya fim ɗin don gidajen sinima, amma annobar korona ta sa aka sayar wa Amazon. Masu sharhi da dama sun yaba da ƙwazon Jordan da tsarin wasu fitowar, musamman faɗuwar jirgin sama a teku, amma sun ce labarin tsohon yayi ne. Fitowar ƙarshe ta nuna Clark yana ba da shawarar kafa rundunar Rainbow, wadda ita ce jigon littafin Clancy na 1998, Rainbow Six.