Daga Hatimin Sarakuna Zuwa Hatimin Imel: Tarihin Tabbatar da Mai Aiko da Wasiƙa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa matsalar wasiƙar jabu, wadda ke barazana ga 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano masu odar ƙarafa da kayan gyaran mota ta imel, tsohuwa ce, kuma magabata sun san maganinta.

A ƙarni na 19, Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar Kano wajen Sarkin Musulmi, ta hannunsa wasiƙu ke shiga da fita. Shaidar wannan ita ce tarin wasiƙun Larabci da Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927. Abu biyu ake dubawa kafin a gaskata takarda: manzon da ya kawo ta, ko sananne ne a fada, da kuma hatimin da aka buga mata.

Imel kuwa da aka tsara ƙa'idar aikawa da shi, wato SMTP, a 1982, ba a yi masa wannan tanadi ba. Kowa na iya rubuta sunan wani a gurbin mai aikowa. Ta wannan kafa ce ɗan damfara ke shiga rigar kamfanin da ɗan kasuwa ya saba da shi, ya aiko da takardar neman biya ɗauke da lambar asusunsa.

Gyara ya zo daki-daki. SPF, a 2006, shi ne jerin na'urorin da kamfani ya yarda su aika da sunansa, tamkar sanannun manzanni. DKIM, a 2007, sa hannu ne na lissafi wanda ke rushewa idan an taɓa saƙon a hanya, tamkar hatimi. DMARC, a 2015, shi ke faɗa wa mai karɓa hukuncin saƙon da ya faɗi jarrabawa: a bar shi, a keɓe shi, ko a ƙi shi. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta ukun ga masu aika saƙo da yawa, wanda bai bi ba wasiƙarsa na iya rasa isa.

Sai dai hatimi ba ya tsare wanda bai duba ba, domin adireshin da aka sauya wa harafi ɗaya na iya zuwa da nasa hatimi lafiyayye. Saboda haka, duk wasiƙar da ta sauya lambar asusu, a tabbatar da ita ta bakin wanda aka sani kafin kuɗi su fita, kamar yadda fada ke tambayar manzo.