Kara Ko Tsoro? Nazari Kan Masu Kasa Cewa A'a

Da wuya a rasa mutum guda a cikin dangi wanda ake cewa ba shi da matsala. Shi ke kwana da mara lafiya a asibiti, a wurinsa ake cin bashi ba a biya. Ana yaba masa da kara, kuma yabon yana da tushe: Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe da aka buga a 1974, ya sanya haƙuri da kunya da karamci cikin manyan halayen da ake auna mutum da su. Sai dai wani yana bayarwa ne don ya ga dama, wani kuwa don gabansa na faɗuwa in ya tuna za a yi fushi da shi. Na biyun ne ya dame ni, domin yabonmu yana rufe ciwonsa.

Irin wannan tsoro yakan faro ne daga ƙuruciya. Mary Ainsworth, masaniyar halayyar yara wadda ta yi aiki da John Bowlby, ta zauna da iyaye mata da jariransu a Uganda a shekarun 1950. Abin da aikinta ya nuna shi ne, yaron da ake amsa kukansa a kai a kai yakan samu natsuwar da zai sauka daga cinya ya yi wasa. Wanda kuwa yau a rarrashe shi, gobe a yi banza da shi, sai ya koma gadin fuskar mai rainonsa. A 1993 Marsha Linehan ta bayyana wani gida na daban, inda ake ƙaryata abin da yaro yake ji: "Me aka yi maka da kake kuka?" In aka yi ta maimaita masa haka, sai ya daina yarda da zuciyarsa, ya jira wani ya gaya masa ko yana da gaskiya. Judith Herman ta kai maganar inda ta fi zafi a littafinta na 1992: yaron da mai riƙonsa ne ke cutar da shi ba shi da wurin gudu, don haka yakan ɗora wa kansa laifi, ya dage da zama na kirki ko a sassauta masa.

Abin ba kaɗan ba ne. Binciken Vincent Felitti da Robert Anda a Amurka, wanda ya shafi mutum sama da 17,000, ya gano kusan kashi biyu cikin uku sun fuskanci aƙalla nau'i ɗaya na ƙuncin ƙuruciya. A Najeriya, binciken ƙasa na 2014 ya nuna kusan yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Waɗannan alƙaluma haɗari suke nunawa; da yawa sun taso a haka sun kuma warware.

A ɗauki misalin matar da ta tashi 'yar riƙo, yanzu tana koyarwa. Albashi na shiga, waya ta yi ƙara. Kafin kawunta ya gama bayani ta ce, "To Kawu, ba komai," alhali kuɗin makarantar 'ya'yanta ne. Ta tura, sannan ta yi ta duba WhatsApp ko ya yi godiya. In ya yi shiru, ranar ba barci, tana laluben inda ta yi kuskure.

Maganin da ake tallatawa a intanet, wai a yanke hulɗa da duk mai takura maka, bai dace da mutanen da ke ɗaukar yanke zumunci babban zunubi ba, kuma ba haka masana suka faɗa ba. Salvador Minuchin, a 1974, ya ga illa a iyalin da suka cakuɗe har ba a san damuwar wane ba ce, ya kuma ga illa a waɗanda kowa ya kama gabansa. Iyakar da yake so a samu tsakanin 'yan uwa irin ta zaure ce: baƙo ya yi sallama, a shigo da shi ko a ba shi haƙuri. Suratun Nur, aya ta 28, ta umarci wanda aka ce ya koma da ya koma, wato mai gida yana da ikon hanawa ba tare da ya yi laifi ba.

A aikace maganar gajeriya ce: "Kawu, wannan watan dubu goma zan iya." Wahalar tana bayanta. Za a ce ta canja, ta samu wuri ta manta wanda ya riƙe ta, ita kuma za ta ji kamar ta yi saɓo. Wannan jin tsohon tsoro ne, kuma yakan ragu in ta ga ta hana an kwana lafiya. Amma ina ganin rashin adalci ne a ba kowa wannan shawara daidai wa daida. Mai albashi tana iya jure fushin dangi; wadda ci da shanta ke hannun mai cutar da ita tana buƙatar madogara kafin ta buɗe baki. Wanda kuma abin ya kai shi ga mugayen mafarkai da firgita, likita yake buƙata, irin waɗanda ke asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, ko da dangi za su ce aljanu ne.