Yadda ake tsara ƙaramin ɗakin kwana da lambun gida ga mai amfani da keken guragu a Abuja

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta bai wa gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu domin mai keken guragu ya iya shiga ba tare da an ɗauke shi ba. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ce kuma ta haifar da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a Abuja a 2020, kuma tun daga 2024 Ayuba Gufwan, ɗan jihar Filato wanda shi kansa shan inna ta shafa tun yana yaro, yake shugabantarta.

Sai dai hankalin dokar ya fi karkata ga ofisoshi, asibitoci, makarantu da tashoshin mota. Gidan da mutum yake kwana yake tashi, gyaransa yana wuyan iyalinsa. Kuma buƙatar ba ta waɗanda aka haifa da lalura ba ce kaɗai: hatsarin mota, shanyewar ɓarin jiki, yanke ƙafa saboda ciwon sukari, da tsufa, kowannensu yana iya zaunar da mutum a keke cikin ɗan lokaci, a gidan da aka gina ba da wannan lissafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari yana buƙatar keken guragu.

Abin da ke raba gidan da mai keke yake walwala a cikinsa da wanda ya zame masa kurkuku shi ne awo, ba yawan kuɗin da aka kashe ba. Ɗaki da tsakar gida da lambu hanya ɗaya ce, daga ƙofar waje zuwa bakin gado. Idan ta yanke a wuri guda, sauran gyaran bai amfana da komai ba.

Awon da komai ya dogara a kansa

Keken babban mutum yana da faɗin santimita 60 zuwa 70. Da hannayen mai tuƙa shi a kan tayoyi, yana buƙatar ƙofar da sararinta bai gaza santimita 80 ba idan an buɗe ta, 90 kuwa ta fi sauƙi. Domin ya juya gaba ɗaya, sai an bar masa fili na santimita 150 ta kowace fuska. Mazaunin keken yana da tsayin santimita 45 zuwa 50 daga ƙasa, kuma hannun wanda ke zaune yana kaiwa cikin sauƙi tsakanin santimita 40 da 120. Waɗannan alƙaluma su ne kusan waɗanda ƙa'idojin gini na ƙasashe da yawa suka tsaya a kansu, ciki har da na Amurka da suka biyo bayan dokarta ta 1990. Duk da haka, keken da ke cikin gidan shi ne abin aunawa, a sa masa tef kafin a kira birkila.

Akwai wani bambanci da littattafan Turawa ba sa kula da shi. Da yawa daga cikin waɗanda shan inna ta shafa a arewacin Najeriya keke mai ƙafa uku suke hawa, wanda ake murzawa da hannu, irin wanda ake ƙerawa a Kano da Jos. Wannan na titi ne: ya fi tsawo, ba ya juyawa a ɗaki, sau da yawa ko ƙofar ba ya shiga. Mai irinsa yana buƙatar rumfar ajiya dab da ƙofar ɗaki, inda ruwan sama da rana ba za su ci ƙarfen ba, sannan daɓe mai tsabta, marar kaushi daga nan zuwa ciki, domin da hannu da gwiwa yake ƙarasawa. A wurinsa katifa a ƙasa da kaya a ƙananan kantoci sun fi gado mai tsayi amfani.

Ɗakin kwana

Yawancin ma'aikata da 'yan kasuwar Abuja ba a Maitama ko Asokoro suke zaune ba. Suna Kubwa, Lugbe, Nyanya, Karu, Dutsen Alhaji da Gwagwalada, a ciki da falo ko ɗaki ɗaya mai banɗaki. A ɗauki ɗakin da magina ke kira sha biyu-sha biyu, wato mita 3.6 ta kowace fuska. Idan aka sa gado mai ƙafa shida-shida, wanda faɗinsa ya kai santimita 183, aka jingina shi da bango, aka kuma kafa wadirof mai zurfin santimita 60 a bangon da ke fuskantarsa, abin da ya rage a tsakiya bai kai santimita 120 ba. Keke zai shiga, amma sai dai ya fita da baya. Idan aka musanya gadon da mai faɗin ƙafa huɗu da rabi, santimita 137, filin tsakiya ya haura 160, keke ya juya. Ƙafa ɗaya da rabi ta katifa ita ce dukkan bambancin.

Wannan yana karo da al'adar jere, inda ake auna gatan amarya da cikar ɗakinta: gado da wadirof da madubi da durowoyin gefe, duk saiti guda. Iyaye mata ba sa son a ga ɗakin 'yarsu fayau, kuma ana fahimtar dalilinsu. Amma a ɗakin mai keke, filin tsakiya shi ne kaya mafi tsada, adon kuwa bango ne ya kamata ya ɗauke shi.

Tsayin gado da katifarsa ya yi daidai da mazaunin keke, domin mutum ya zame daga wannan zuwa wancan ba tare da hawa ko faɗawa ba. Gadajen da ake yayi yanzu masu faɗaɗɗen katako a gefe suna hana keke matsowa. Kafintocin kasuwar Kugbo ko na Dei-Dei za su iya yin wanda gefensa ya tsaya daidai da katifa idan an faɗa musu tun farko. A bar gefen da mutum ya fi ƙarfi a buɗe, musamman ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Katifa mai laushi ƙwarai tana wahalar da tashi. Wanda kuma yake daɗewa a kwance, zaɓen katifarsa sai da shawarar likita saboda gyambon kwanciya. Gidan sauro a rataye shi daga silin da igiyar da ake ja daga kan gado, maimakon sanduna huɗu da ke tare hanya.

Wadirof mai ƙofar turawa gefe ya fi mai buɗowa waje, kuma sandar rataye tufafi a sauko da ita zuwa santimita 120. Saman wadirof sai ya zama ma'ajiyar barguna da kayan da ba a nema sai lokacin hunturu. Makunnin fitila da na fanka su kasance kusan mita ɗaya daga ƙasa, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a kan gado. Soket kuwa a ɗago shi zuwa santimita 45 ko fiye. Saboda ɗauke wuta, fitila mai caji da waya su sami mazauni inda hannu ke kaiwa cikin duhu.

Ƙasan ɗaki yana son kulawa. Tayil mai sheƙi da aka fi so a sababbin gidajen Abuja yana santsi da zarar ya jiƙe ko ƙurar hunturu ta kwanta a kansa, haɗari ne ga mai sanda da kuma lokacin sauka daga keke. Marar sheƙi ko daɓen siminti mai kyau sun fi. Kafet mai kauri yana cinye ƙarfin mai tuƙi, leda mai naɗewa kuma tana kama ƙananan tayoyin gaba. Dadduma a shimfiɗa ta lokacin salla, a naɗe bayan an idar.

Sai ado. Fenti mai haske, kamar ruwan madara ko shuɗi mai sanyi, yana buɗe ƙaramin ɗaki, kuma za a iya ware bangon kan gado da launi mai ɗan duhu. Ƙasan bango zuwa santimita 40 a shafa masa fentin mai, domin nan ne matakin ƙafar keke yake gogawa. Idon wanda ke zaune yana kusan santimita 120 daga ƙasa, saboda haka agogo, hotuna, allon zayyana ko faifai masu launi a sauko da su daga inda aka saba kafa su. Madubi ya zama dogo, ya faro daga kusa da ƙasa. Labule kada ya ja ƙasa ya shiga taya. Taga kuwa, idan ana sabon gini, gindinta kada ya wuce santimita 80, domin mai ɗakin ya ga lambunsa daga zaune. Abu ɗaya da ake mantawa: kusan kowace taga a Abuja tana da ƙarfen tsaro, don haka ƙofa ce kaɗai mafita idan gobara ta tashi. Kada a ajiye komai a bayanta, a sa mata marikin dannawa maimakon na murɗawa, kuma ta banɗaki ta riƙa buɗewa waje, domin idan mutum ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ta.

Daga ƙofa zuwa tsakar gida

Nan ne yanayin Abuja yake shigowa. Garin tuddai ne da kwazazzabai, damina tana kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ambaliyar da ake gani a Lokogoma da wasu rukunin gidaje na Lugbe ta sa magina suna ɗaga harsashi sosai. Gida mai matakala uku, tsayin santimita 45, abu ne gama-gari. Ƙa'idar gangarar hawa ita ce kowace santimita ɗaya ta tsayi tana buƙatar 12 na tsawo, don haka matakala ukun nan suna son gangara mai mita 5.4, santimita 60 kuma mita 7.2. Birkila da yawa suna zuba siminti a kan matakalar kawai su ce sun yi gangara. Irin wannan ba ta hawuwa, kuma tana iya kifar da keke ta baya. Inda fili bai isa a miƙe ba, sai a kwantar da gangarar a jikin bango ko a lanƙwasa ta biyu, da shimfiɗaɗɗen wurin hutawa na santimita 150 a mahaɗar da kuma gaban ƙofa. Faɗinta ya kai mita ɗaya, da ƙarfen riƙewa a gefe biyu, da ɗan tudu a baki don kada taya ta zame, a kuma ja tsintsiya a kan simintin kafin ya bushe domin ya yi kaushi.

Dokin ƙofa da ake ɗagawa don tare ruwa, ko na santimita biyar ne, katanga ne ga keke. Maganinsa shi ne a yi siririn magudani mai murfin ƙarfe a gaban ƙofar, a sauke dokin. Haka kwatar da ke gaban get: a rufe ta da silab, ko da ƙarfen da ramukansa ba su kai su haɗiye ƙaramar taya ba. Ɗan haya da ba shi da ikon fasa gini yana iya sa mai walda ya yi masa gangarar ƙarfe da ake cirewa, bayan ya sami yardar mai gida. Babban sauyi a jikin gini a cikin birni kuwa yana buƙatar izinin sashen kula da tsarin gine-gine na Babban Birnin Tarayya.

Lambu

Hanyar cikin lambu ta kai faɗin santimita 120, da wurin juyawa a ƙarshenta. Tsakuwa, yashi da ciyawa duk suna riƙe taya, jar ƙasar Abuja kuma taɓo take zama da damina. Intalok yana aiki idan an daddaɓe ƙarƙashinsa da kyau, amma yakan lotsa bayan damina biyu ko uku, sai an riƙa gyara shi. Siminti mai kaushi ya fi daɗewa. A ɗan karkata hanyar gefe kaɗan, santimita biyu a kowace mita, domin ruwa ya sauka. Fiye da haka keke zai riƙa jan gefe.

Shukar ce za ta tashi ta sami mai ita. Ana gina fangali da bulo zuwa tsayin santimita 60 ko 70, faɗinsa 60 idan ta gefe ɗaya ake isa gare shi, 120 idan ana zagaye shi. Wanda ya fi shi daɗi shi ne fangali mai siffar tebur, wanda gwiwa ke shiga ƙarƙashinsa, da sararin kusan santimita 70, domin mutum ya fuskanci aikinsa maimakon ya murɗa baya. Sai dai ƙasarsa ba zurfi, ya fi dacewa da latas, albasa mai ganye, alayyahu da na'a-na'a. Tumatir, attaruhu, yakuwa da ɗoɗɗoya suna yi a buhu ko rabin duro da aka ɗora kan bulo, kuma wannan shi ne mafi arha, ɗan haya ma zai iya tashi da shi. Zogale a riƙa sare kansa kada ya wuce inda hannu ke kaiwa, hakan ma yana ƙara masa ganye.

Ba kowace bishiya ce ta dace da gefen hanya ba. Saiwar mangwaro da darbejiya tana ɗaga daɓe, 'ya'yan da suka faɗo suka ruɓe suna santsi. Lemun tsami da furannin shinge masu ƙaya, waɗanda masu sayar da fulawa a bakin titunan Abuja ke yawan tallatawa, suna huda taya mai iska, suna kuma yagar hannun da ke murza ta. A nisanta su. Gwanda ba ta cin wuri. Inuwa dole ce, domin zafin Fabrairu zuwa Afrilu yana da tsanani, kuma wasu masu raunin laka jikinsu ba ya iya daidaita zafi yadda ya kamata. Rumfar zana ko ta kwano a kan wurin hutawa ta wadatar.

Famfo ya kasance a tsayin santimita 80 zuwa 90, mai marikin ɗagawa, da gajeren tiyo da ake ratayewa a bango, tun da ɗaukar bokiti a kan cinya ba ya yiwuwa ga mai tuƙi da hannu biyu. Idan aka yi masa magudani mai murfi a ƙasa, famfon nan shi ne kuma wurin alwala daga zaune, ruwan sai a karkata shi ya gangara gindin gwanda. Duron ajiyar ruwa ya zauna a rufe saboda sauro.