Conqueror: jirgin da ya nutsar da Belgrano

Yau tarihinmu ƙarƙashin teku zai shiga.

HMS Conqueror jirgin yaƙin Ingila ne mai nutso, da makamashin nukiliya yake tafiya, ya fara aiki a 1971. Irinsu ba sa buƙatar fitowa shan iska, sai su yi makonni a ƙasan ruwa. Abinci ne kawai ke kai su gida.

A 1982 Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland. Ingila ta shata mil 200 kewaye da tsibiran, ta ce duk jirgin da ya shiga ya kuka da kansa. Conqueror ya yi ta bin sawun jirgin Ajantina, General Belgrano, a ɓoye. Ran 2 ga Mayu, da amincewar Margaret Thatcher, ya sakar masa tofido uku, biyu suka same shi. Mutum 323 suka mutu, kusan rabin sojojin da Ajantina ta rasa a yaƙin. Daga nan manyan jiragenta suka koma gaɓa.

To, ga inda gardamar take: Belgrano yana wajen iyakar, kuma ya juya ya nufi yamma. Ingila ta ce tun 23 ga Afrilu ta yi gargaɗin harin zai iya wuce iyakar. Shi kansa kyaftin ɗin Belgrano, Hector Bonzo, daga baya ya ce wannan yaƙi ne, ba laifi ba.

An yi wa Conqueror ritaya a 1990. Ku fa, me kuka gani: dabarar yaƙi ce ko karya alkawari?