Kimiyya Da Turanci: Yadda Zariya Ta Taɓa Warware Wannan Matsala

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Giwa. Ya ce ɗansa na aji huɗu yana rera karatun kimiyya da Turanci kamar waƙa, amma ran nan ya tambaye shi ina ruwan rigar da aka shanya yake tafiya, yaro ya yi zuru. Shi ne yake tambaya, wai haka abin yake tun asali?

To Malam, ba haka yake ba, kuma amsarka tana nan Zariya.

A shekarar 1929 Turawa suka kafa Hukumar Fassara a Kano, daga baya aka dawo da ita Zariya, a 1933 ta koma Hukumar Talifi a hannun Dokta Rupert East. Shi ne ya jawo Malam Abubakar Imam aikin rubutu. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, dab da ganuwar birni. Kowa ya san Magana Jari Ce, amma mutanen nan biyu sun yi wani aikin da ba a cika ambata ba, wato littafin Ikon Allah, wanda ya fara fitowa a 1949. Labarin halitta iri-iri ne ta cikin duniya, da Hausa tsantsa. Ku dubi sunan ma kawai. A lokacin da iyaye ke ɗari-ɗari da boko, an nuna musu binciken halitta duban ikon Mahalicci ne. Yaro ya fahimci abu da harshen da ya sha a nono, in Turanci ya zo sai ya tarar da wurin zama.

Ba a tsaya nan ba. A 1971 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta soma shirin kyautata firamare a jihohin Arewa shida na lokacin. Aka rubuta sababbin littattafai, aka tura malamai masu zagaye suna nuna wa na aji yadda za su sa yaro ya taɓa abu da hannunsa. Sai ga UPE a 1976, yara suka yi ambaliya, malamai da kayan aiki suka kasa.

Ita gwamnati kuwa, yau gaba gobe baya. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara da harshen gida, Turanci ya biyo baya. A 2022 aka ce harshen gida har aji shida. A 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an soke wannan, a koma Turanci tun daga tushe.

Ni dai na ga abin da idona. Sa'ad da nake koyarwar gwaji a wata firamare cikin birni, kwana uku ina fama da darasin tsirowar iri a allo, yara na ta maimaitawa, ba wanda ya gane. Rana ta huɗu na ce kowa ya zo da gwangwanin madara da wake. Wani muka zuba masa ruwa, wani muka hana, wani muka kife shi da ƙwarya. 'Ya'yan manoma ne fa, kafin mako su ke yi mini bayani. Sannan na rubuta wa saiwa da ganye sunansu na Turanci, kuma har jarrabawa ba su manta ba.

Saboda haka Malam, kada ka jira makaranta. Zuba ruwa a faranti biyu, ɗaya a rana, ɗaya a zaure, ka sa yaron ya duba da la'asar, ya gaya maka da Hausa abin da ya gani. Sunan Turancin ya tambayo malaminsa da safe. Muna jiran takardarka mu ji yadda kuka ƙare.